Babur Mai Ƙafa Uku a Turbar Jaki

Zangon kamfani, bayan Lakwaja
6 ga Janairu, 1986

Zuwa ga Yaya Mudi, Danwarai,
ta hannun Kawu Malam Hayatu

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, Yaya, ina gaida Inna, da fatan gwiwar nan tata ta bar ta ta yi barci. A gaida matarka Dije da yara. Kawu, kai da za ka karanta masa, na durƙusa. Ni lafiyata lau, in ka cire sauro da garin rogo.

Takardarku ta iso. Lawali direban albasa ya bar ta wurin mai shayin tasha, ta kwana tara ƙarƙashin gwangwanin madara kafin in shigo gari. A tsaye na fara karanta ta. Da na kai inda aka ce surukinka Alhaji Bature na Jega ya sayo babur mai ƙafa uku a gwanjon kamfanin titi, ya ba ka kyauta ka riƙa fito da albasa daga fadama zuwa Aliero, sai da na nemi wuri na zauna.

Yaya, wa ya ƙulla maka wannan da sunan alheri?

An ce mutanen gari sun sa masa suna Murhu, wai tukunya a kan duwatsu uku take zama, saboda haka ba ya faɗuwa. Wane mai basira ne ya haifo wannan magana? A tambaye shi, ya taɓa ganin murhu ya sha kwana? Ya taɓa ganin murhu ya hau gangaren fadama da buhu a ƙeya? Murhu zaune yake. Zamansa ne lafiyarsa.

Irinsa biyar gare mu a nan. Masu awon ƙasa ke shiga daji da su, ni ke wanke su, ni ke canza musu mai, yanzu har kafiretar inji nake kwancewa. Ba hirar gindin bishiya nake yi maka ba. Littafinsu na hannuna. Ka san ba wanda ya zaunar da ni a aji, a jikin gwangwanin man inji na koyi haɗa baƙi, amma wanga littafi na bi shi shafi-shafi, inda Turanci ya fi ƙarfina hoto ya gaya mini. Rabin hotunan, mutum ne a ƙasa, babur a bisansa.

Ban ce ba shi da rana ba. A rairayi shimfiɗaɗɗe, ba kaya, ba gudu, tayoyin nan nasa masu kumburi kamar tulu suna wucewa inda mai ƙafa biyu zai nutse. Amma hanyar fadamarmu turbar jaki ce, layi ɗaya. Jaki yana aza ƙafar baya inda ta gaba ta tashi. Wannan kuwa layi uku yake so. Tayar gaba za ta bi turba, na baya su hau kunyoyin mutane, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Kuma su biyun a ƙarfe ɗaya suke, ba mai jiran wata. In ka murɗa kai ya ƙi bi, in ka matsa masa ya ɗaga ƙafa kamar kare a jikin katanga.

Alhaji Bature da ko keke bai taɓa hawa ba, mai tumbi kamar rumbun gero, shi ne zai zaɓa maka abin hawa? Ya ga ja yana sheƙi, ya saya don a ce a Jega ya yi wa mijin 'yarsa bajinta. Kai kuma ka tuɓe takalmi ka durƙusa ka karɓa kamar an miƙo maka makullin Aljanna. In ya karkace da kai kada ka sauke ƙafa, ba kekenka ba ne, tayar baya na nan daidai bayan diddigenka, kana saukewa za ta cinye ta. Abin da ya sami Tamu abokin aikina ke nan, yau wata biyar yana jan ƙafa. Amma me nake ɓata tawada? Kanka ya fi dutsen niƙa tauri, tun muna yara.

Ka mayar masa da abinsa. Jakunanmu biyu ba su yi maka laifin komai ba.

Ƙaninka,
Sahabi


Danwarai
28 ga Janairu, 1986

Zuwa ga ɗana Sahabi,

Amin, wa alaikumus salam. Kowa lafiya, alhamdu lillahi. Gwiwar Innarka da sauƙi, har ta je Liba gaisuwar haihuwa ta dawo. Na isar da gaisuwarka ga kowa da sunansa.

Ga maganar yayanka yadda ta fito bakinsa, ni dai alƙalami ne:

"Ka hwaɗa mishi na gode da bai mance mu ba. Murhu na nan lahiya. Alhaji ya sa mai walda a Jega ya yi mishi kariya, mazaunin kaya daga baya, ta buhu biyu. Inda jaki ka yin sawu guda, ni sai in yi ukku kahin azahar. Jakkan ma mun ba dangin Inna aro can Liba, suna jidar taki. Abu guda ne, turba ta yi mishi kaɗan, ya taka ma Sambo hwangalin albasa biyu wajen rijiya, na je na ba shi haƙuri. Ran nan kuma wajen hawan gangare ya ɗaga kai sama kamar doki, mutane sunka yi ta dariya, ni ma na yi. Duk ranar kasuwar Aliero Alhaji na tahowa tun daga Jega shi tsaya bakin kasuwa da abokanai, shi nuna ni shi ce, ga surukina nan tahe. Ka ce mishi in ya zo sallah zan goya shi."

Maganarsa ke nan.

Ni kuma tawa guda ce, ɗana. Ka riƙa tausasa alƙalami. Takarda a zaure ake buɗe ta, zaure kuwa ba ka san wa zai zauna cikinsa ba. Allah ya tsare, ya ba da sa'ar aiki.

Kawunka,
Hayatu


Zangon kamfani
16 ga Fabrairu, 1986

Yaya Mudi,

Sallama, da gaisuwa ga Inna da mutanen gida. Lafiya nake. Na gama gaisuwa.

Wai ni da bango na yi magana? Na cika shafi uku, amsar da na samu ita ce za a goya ni da sallah! Ya ɗaga kai kamar doki, kun yi dariya. Yaya, wannan ba wasa ya yi muku ba, gwaji ya yi. Buhu biyu a bayan tayar baya, gaba ba nauyi, ga hawa. Ranar da ya ƙara taƙi ɗaya a kan wancan, baya zai juyo, kai a ƙasa, albasa a ƙirjinka, shi a saman albasa. Sai mu ga mai dariya.

Kariyar ma wa ya ce a yi ta? Masu ƙera shi ba su sa masa ba, don sun san abin da suka ƙera. Sai mai waldar Jega ne ya fi su sani, da shi da Alhajin da bai san gaban babur da bayansa ba. Yana tsaye bakin kasuwa da tumbinsa da babbar riga yana nuna ka kamar ragon layya. Shi me zai rasa? Ƙafarsa na cikin takalmi mai rufi, taka ce a turba. Na sake faɗa, kada ƙafarka ta bar mataki ko ya karkace. Wajen rijiyar Sambo ɗin nan da ka ce, inda turba ke lanƙwasa tana hawa, na san wurin kamar tafin hannuna, can nake jin tsoro. Ka sauka ka tura shi in ya zama dole.

Kun kuma kai jakuna Liba. Madalla. Mutum ya sami rijiyar da ba ta da murfi ya toshe ƙofar da zai bi ya kauce mata.

Kawu, ka ce in tausasa alƙalami. Gida na ci da wuta, ana ce wa mai ihu ya rage murya. Ban iya ba. Kun san bakina tun ina rarrafe.

Na je wurin shugaban leburori na roƙi kwana goma. Ya ce ba mai motsawa sai an gama awon layin nan, wanda ya tafi kuwa ya tafi ke nan. Shekara biyu na yi ina wanke taya kafin a yarda in riƙe sifana. To ga ni nan, hannuna cikin mai, ina gyara wa baƙi irin abin da nake roƙon ɗan'uwana ya sauka daga kansa.

Don girman Allah ka amsa mini maganar da na yi, ba wadda ban yi ba.

Sahabi


Zangon kamfani
22 ga Maris, 1986

Kawu,

Gaisuwa. Lafiya kuwa?

Sau uku ina shiga gari. Mai shayi har ya fara girgiza kai tun daga nesa. Jiya na yi sa'a na tarar da Lawali da kansa yana duba taya. Na ce ina takardata? Ya ce bai bi ta Danwarai ba wannan karon, a Maiyama ya yi lodi. Na ce me ka ji? Ya ce shi bai ji komai ba, ya sunkuya ya ci gaba da bugun taya, tayar da na ga ya riga ya buga. Direban da ba ya rufe baki ko yana cin goro, jiya ya zama kurma.

In fushi Yaya yake yi da ni, ya yi, ya zage ni, ka rubuta zagin, zan karanta da murna. Shirun nan ne ban iya ɗauka ba.

Sahabi


Danwarai
25 ga Maris, 1986

Ɗana Sahabi,

Bayan sallama, ka fara da cewa alhamdu lillahi, don yayanka na da rai, yana ci, yana magana.

Yau kwana goma sha bakwai. Ranar kasuwar Aliero ce, da hantsi. Ya taso daga fadama da buhu biyu. A kwanar rijiyar Sambo tayar hagu ta hau kunya, babur ya karkace dama, sai ya sauke ƙafa zai tokare kamar yadda yake yi a keke. Tayar baya ta kama ta. Ƙaurin ya karye wuri biyu, sannan abin ya kwanta a kansa. Sambo da wani makiyayi suka ɗaga, aka aza shi a ƙyaure zuwa gidan masu ɗori a Aliero. An ja, an jera karare, an ɗaure. Maɗorin ya ce ƙashi zai kama, sai dai ƙafar ba lalle ta koma tsawonta ba. Innarka da Dije na wurinsa. Ni na hana Lawali faɗa maka, na ce daga hannuna za ka ji.

Yanzu ga nawa. Na daɗe da alƙalami a hannu kafin in iya.

Ka san bokona na yaƙi da jahilci ne, da furfura na koya. Ban iya karatu a zuci ba. Abin da yatsana ya taɓa, bakina sai ya faɗe shi. Ranar da takardarka ta farko ta zo, Alhaji Bature da kansa na zaune a zauren, ya zo ganin jikokinsa, Dije na bayan ƙofa. Na karanta gaisuwa. Ina juya shafi idona ya faɗa kan sunan Alhaji, ga kalmar tumbi a gefensa. Sai na ɗage yatsa, ban sauke shi ba sai a kan "ƙaninka Sahabi". Na ce yaro na gaishe ku, yana yi wa yayansa fatan sauka lafiya. Alhaji ya ce Allah ya yi masa albarka.

Na so in koma mata ni kaɗai. Sai na ce me zan tsinta a cikin zagi? Na sa ta a akwati. Ta biyun ta zo kwana huɗu kafin abin ya faru. Maƙwabta na zaune. Na hango ragon layya, na yi yadda na yi da farko.

Da muka dawo daga Aliero na ɗauki duka biyun na fita bayan gari, ƙarƙashin tsamiya, inda ba mai ji na sai awaki. Na karanta su da ƙarfi tun daga sama. Na iske layin nan na kada ya sauke ƙafa, Sahabi. Yana nan tsakanin tumbin Alhaji da dutsen niƙa. Na iske rijiyar Sambo da sunanta.

Na tsare mutuncin baƙo a zaure, na ba da ƙafar ɗan yayata. Ban ce ka yafe mini yanzu ba.

Kawunka,
Hayatu


Zangon kamfani
11 ga Afrilu, 1986

Kawu,

Wannan ita ce takarda ta biyar da na fara. Huɗu na yaga. Da ka ga ta farko da ba ka sake kirana ɗa ba. Na ce a cikinta ai ko makaho aka miƙa wa shafi uku ya san sun fi gaisuwa nauyi. Na ce abubuwa da yawa.

Da na gaji na zauna bayan shagon gyara ina maimaita takardata ta farko a kaina, don na haddace ta, sai da na yi ta alfahari da ita kafin in aika. Na nemi layin. Kawu, ni na binne shi. Magana ɗaya ce tak ke da rai a shafi uku, na ɗauke ta na tura ta cikin ƙaya, na ce tsoho ya sa hannu ya ciro a gaban surukai. Ka ce mini zaure ne, na ce gida na ci da wuta. To ga shi ya ci.

Ban san yafiya ba tukuna, taka ko tawa. Mu bar ta nan.

Ƙafar dama ce? Yana jin yatsunsa? In sun yi sanyi ko sun yi baƙi a gaya wa maɗorin nan take, kada a ji nauyinsa. Ina babur ɗin yake yanzu? Da so samu ne a tura shi gulbi.

Ga wani shafi daban na Yaya. Na wanke shi tas, ba sunan kowa a ciki. Ko a masallacin Juma'a ka buɗe shi ba abin da zai kama maka harshe. Ka karanta masa duka.

Yaya Mudi, sannu. Allah ya sa kaffara ce. Ni ƙaninka ne, ba ni da ikon hana ka komai, roƙo nake yi. Abin hawan nan ba na turbar fadama ba ne, na fili ne shimfiɗaɗɗe. A dawo da jakuna daga Liba. In kuma wata rana ya zama ba makawa sai ka hau, to buhu ɗaya, tafiyar mai tallan nono, a hawa ka kwanto da ƙirjinka gaba. Abu mafi girma: ƙafarka kada ta bar mataki. Ko ya karkace, ko ranka ya ce tokare, kada ka sauke ta. Ka riƙe wannan ko ka manta sauran. Ka yafe mini bakina.

Sahabi


Danwarai
6 ga Mayu, 1986

Ɗana Sahabi,

Sallama da gaisuwa. An kwance karare, yayanka ya dawo gida, yana takawa da sanda. Yatsun lafiya. Ƙafar ta ɗan gajarta, ba da yawa ba. Na karanta masa shafinka sau biyu, ban tsallake ko ɗigo ba. Na kuma faɗa masa abin da na yi da na baya. Ga amsarsa:

"Sahabi, ka bar Kawu shi huta. Ni ban iya karatu ba, amma ina da ido. Na ga takarda ukku, na ji karatun rabin guda. Ban tambaya ba don na san mi ac ciki. Ni na goye ka, na san bakinka. Cewa za ka yi in sauka, ni kuwa ba ni iya sauka. Kai ba ka yi aure ba, ba ka san nauyin kyautar suruki ba. Ta hi buhu biyu.

"Maganar ƙahwa ce kawai ban sani ba. Da na san ta, halan da ta yi amfani. Allah bai nuhwa ba.

"Kawu ya ce ka ce a tura shi gulbi. Ina kwance Alhaji ya sa anka kai shi Jega, anka gyara, anka sake mishi fenti. Shi da kainai ya rako shi. Ya zamna bakin tabarmata, dattijo da gemunai, hawaye na zuba. Ya ce a Jega ana cewa ya ba mijin ɗiyatai abin kashe shi. Dije ta bar zuwa rijiya da sahe, don mata na yin shiru in ta iso. In na jingine abin ga, na sa hannu ke nan cewa gaskiya sunka hwaɗi. In na shiga kasuwa bisa shi ko sau ukku ne, magana ta mutu. Daga nan sai in ce ƙahwa na ciwo, a maido jakkai, ba wanda ya ji kunya.

"Na riƙe maganarka, buhu guda, sannu sannu. Sai dai na gwada cikin gida, injin kashe, Kawu na karkata shi. Duk karkatawa sai in iske ƙahwata ƙasa, ban aike ta ba. Shekara ashirin bisa keke, ba ta jin magana. To mu abin da bai jin magana mun san maganinai. Na yi mata dabaibayi. Igiyar rama, na ɗaure duka biyun ga mataki, ƙulli mai kyau irin na jakin da ka tsinke turke. Yanzu ko ta so sauka ba hanya. Ka kwantar da hankalinka, ƙanena, wanga karon na ji maganarka. Kasuwa mai zuwa zan hwara da albasar ajiya."

Maganarsa ke nan. Ni ma na ga dabarar ta yi daidai da abin da ka rubuta, har ni na murza masa igiyar. Allah ya kai mu azumi lafiya.

Kawunka,
Hayatu


Tashar Lakwaja
25 ga Mayu, 1986

Kawu,

A kwance igiyar. A kwance ta, a yanke ta, a ƙone ta.

Kwana goma sha takwas takardarku ta yi a hanya. Na ƙirga da yatsu a gaban mai shayi, kasuwa biyu ta wuce, ta uku na bisa hanya ko ta wuce ita ma. Ina rubuta a kwance igiya kamar yanzu yake ɗaura ta. Na sani. Bar ni in rubuta.

Akwai layi na biyu, Kawu. Yana bin na farko kamar wutsiya, a littafin ma shafinsu ɗaya. Ba ka sauke ƙafa don tokarewa, amma in ya wuce tokarewa, in ka ji zai kife, sakinsa ake yi. Mutum ya watsar da kansa gefen tudu ya bar shi ya tafi shi kaɗai. Abin da ke raba karaya da likkafani ke nan. Wanda aka ɗaure kuwa tare za su mirgina, duk inda ƙarfen ya je can zai je.

Na rubuta shi a shafin nan da na wanke. Wallahi na rubuta. Da na maimaita sai na ga "in ya kife da kai" ya yi kama da mugun baki ga mutumin da ke kwance cikin karare, ga Inna na ji. Na ce an ce in tausasa. Na soke shi, na sake kwafe shafin don kada ka ga tabo. Da na yi zafi an tsallake ni, da na yi sanyi na tsallake kaina. Ka gaya mini da wane baki ake magana da ku a ji, ni ban san shi ba.

Ba laifinka ba ne igiyar. Ka murza abin da na ba ka.

Na mayar musu da sifanunsu jiya. Shugaban leburori ya ce in na fita ƙofar nan kada in dawo, na ce ya riƙe ƙofarsa. Ina da sauran magana a baki, na haɗiye, ka ga na fara koyo. Motar Lawali ta dawo daga kudu ba kaya, da zarar ya gama ɗaurin tamfol za mu tashi. Na tambaye shi labari, ya rantse tun farkon azumi bai taka gida ba. Na dube shi cikin ido. Wannan karon ina jin gaskiya yake faɗa, amma ban ƙara yarda da ganina ba.

Za ka ce me ya sa nake rubutu tunda mota ɗaya za mu hau da takardar. Don bakina ba amana. In na shiga zauren nan na ga jan fentin, na ga igiya a mataki, abin da zai fito ba shi ne zai kwance ta ba. Kai zan miƙa wa. Ni zan tsaya waje, jikin katanga.

In na iske Yaya zaune da sandarsa, ka sa yatsa tun daga layin farko, ka bi a hankali, ko Alhaji na wurin. Ka ce masa ya bar mini kasuwar da ta rage. Ni zan shiga da shi Aliero a gaban Alhaji da abokansa, ba buhu, ba gudu, a ce ƙanin suruki ya zo yana jin daɗin kyauta. Har hannu zan ɗaga musu.

In kuma na iske tabarmi shimfiɗe a ƙofar gida, kada ka buɗe ta, Kawu. Ka sa ta a akwati tare da 'yan'uwanta.

Sahabi